Tayar Da Ka Sa Na Mayar

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara?

Ni lafiya lau. Keken da nake kai saƙo da shi ya samu injin lantarki a tayar baya. Ka tuna ka sa na mayar da tayar da na fara saya don ba ta da gurbin faifan birki, wai birkin roba ba zai riƙe gudun inji ba? Har gunaguni na yi.

Shekaranjiya a gangara, ana ruwa, wata yarinya ta faɗo titi. Na matse birki, keke ya tsaya cak. Ni ne dai ban tsaya ba. Yarinyar ko ƙwarzane babu.

Allah ya saka maka da alheri. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Kada Inna ta ji.

Ƙaninka