Hannun da Ya Riƙe Hantsaki

Litinin, 3 ga Maris
Sakamakon gwajin Auta ya sake lalacewa, karo na uku ke nan. Jijiyoyin jinin ɓerayen da ba mu sa wa komai ba, waɗanda ya kamata su fito sumul, sun kumbura kamar na marasa lafiya. Auta ita ce ƙaramar ɗalibaina, shi ya sa sunan ya bi ta. Wata mai zuwa za ta tsaya gaban kwamitin da zai duba bincikenta. In ba ta da sakamako mai tsabta, shekararta ta tafi a banza.

Laraba, 5 ga Maris
Na yi mata faɗa a gaban sauran ɗalibai. Na ce shimfiɗar cikin jijiya ta fi fatar albasa laushi, in hantsaki ya ɗan matse ta, kafin ta kwana a ruwan gwaji ta kumbura. Na ce hannunta ne ke da nauyi. Ta ce, "To, Malama." Ko ɗago kai ba ta yi ba. Na karɓi rabin aikin cire jijiyoyin da kaina, don ta ga yadda ake yi. Da ma tun farko nakan cire mata wasu.

Juma'a, 14 ga Maris
Shayi ya zube mini a kan siket. Maigida ya ce kofin ne ke da santsi. Mutumin nan bai iya ƙarya ba.

Talata, 18 ga Maris
Auta ta jira kowa ya fita cin abincin rana, sannan ta shigo ofishina da littafin gwaji. Dokata ce, shekara ashirin da shida ina kafa wa ɗalibai ita: a rubuta komai, har sunan wanda ya riƙe hantsaki. Ashe ta koma baya ta ware sakamakon gida biyu, nata da nawa. Ta ajiye littafin a buɗe, ta ce wai ta kasa gane wani abu, ko zan duba mata. Ƙarya take, ta gane sarai.
Nata goma sha ɗaya, biyu ne suka kumbura. Nawa tara, takwas.
Na ce ta bar shi zan duba. Muryata ta fito da kaushi, na sani.

Laraba, 19 ga Maris
Ban je aiki ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Litinin, 24 ga Maris
Na riga kowa zuwa. Na sa zaren ɗinki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na kama shi da hantsaki. A ido ba a ganin komai. A madubi kuwa bakin hantsakin rawa yake yi, ƙanana-ƙanana, ba tsayawa. Hannun da a da ake turo mutane daga nesa su zo su kalla!
Na ji tsoro, na kuma ji kunya. Kunyar ta fi, don yarinyar ta sha faɗan da ba nata ba, ta haɗiye, kuma ko a ranar Talatar ba ta bari kowa ya ji ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu
An sake gwajin, jijiya goma sha biyu, Auta ce kaɗai ta cire su, duk sumul. Za ta shiga kwamiti da abinta.
Yau sababbin ɗalibai uku suka fara. Na yi musu bayanin da na saba, na albasa da komai. Da aka zo nunawa, suka matso kusa da kujerata. Na buɗe akwatina na fito da hantsakina, wanda ba na ba kowa aro.
"Auta, zo ki nuna musu. Ku kalli hannunta da kyau."
Na tsaya a bayanta da littafi. Gurbin sunan mai cirewa ni na cike shi, rubutun ya ɗan karkace.