Motar Gunvor Ta Ƙi Tashi

Kallsjö, 9 ga Janairu, 1994

Eskil maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙugun naka yana warkewa, kuma ka daina yi wa ma'aikatan jinya gardama. Gida lafiya, itace ma bai ƙare ba.

Zan faɗa maka wani abu, kada ka tashi da faɗa. Na sayi mota. Tsohuwa ce, mai shan dizal, a hannun wani manomi na saye ta. Bas sau biyu a mako yake zuwa Östersund inda kake kwance, ni kuwa na gaji da ganin mijina da lissafin direba. Sai dai tun da ta kwana a gidan nan ba ta tashi da safe. Ta yi ta juyawa kamar za ta kama, sai ta fasa. Birger maƙwabcinmu yana zuwa kullum ya taya ni. In ya daɗe yana fama da ita takan tashi, kuma in ta tashi shi ke nan, sai washegari. Ya canja batir, bai yi ba.

Taka,
Gunvor

Östersund, 12 ga Janairu

Gunvor,

Na gaishe ki. Ƙugu yana nan yadda kika bar shi.

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran mota, sai da na kwanta a gidan jinya za ki sayi mota ban leƙa cikinta ba? Kuma duk garin nan ba ki sami mai taimako ba sai Birger? Mutumin da aikinsa raba wasiƙu, wanda ko sarƙar kekensa ni nake mayar masa? In yana iya juya ta na tsawon lokaci, ai batir lafiyarsa ƙalau, wannan ko jikarmu ta sani.

Kullum kika ce. Ƙarfe nawa yake zuwa, ƙarfe nawa yake tafiya? Ban manta ba shi ya fara rako ki gida daga wurin rawa kafin ni.

Ki amsa mini waɗannan: kina jona wayar ɗumama inji a lantarkin bango da dare? Wane irin hayaƙi take fitarwa lokacin da kuke fama? A ina kike ajiye ta?

Mijinki,
Eskil

Kallsjö, 16 ga Janairu

Eskil,

Gaisuwa, duk da ba ka cancance ta ba. Shekarata sittin da takwas, haƙorana na kwana a cikin kofi, amma kana tambayata ƙarfe nawa.

Ƙarfe takwas yake zuwa. Yakan sha kofi, ya ci burodin kirfa biyu, wani lokaci uku. Jiya ya ce mini, "Gunvor, yau kam sai ta tashi, ko ta ƙi ko ta so," ya canja fulogan ɗumama inji duk huɗun da sifanarka. Ta ƙi.

Ina jona wayar. Hayaƙi babu ko kaɗan da farko, sai can in ta kusa kamawa take yin fari, tana tari. Ina ajiye ta a hawan ƙofar gida, hancinta na kallon sama, don ta nan aka share dusar ƙanƙara.

Matarka, mai haƙuri,
Gunvor

Östersund, 19 ga Janairu

Gunvor,

Gaisuwa. Sifanata kuma?

Saurara. In babu hayaƙi, mai ba ya isa inji. Iska ce take shiga ta wani wuri, man ya sulale ya koma tanki kafin safiya, hawan nan kuma yana taya shi. Yau ki juya ta, hancinta ya kalli gangare. In ta tashi da safe ba gardama, to ki buɗe bonet, ki bi ƙaramin tiyon da ya fito daga matatar mai da yatsa, za ki ji inda ya tsage. Akwai irinsa a rataye bayan ƙofar gareji. Ke za ki yi, da hannunki.

Likita ya zo jiya. Ya ce zan iya tafiya da ƙafata, amma durƙuso da shiga ƙarƙashin mota sun ƙare. Na ce masa to. Da ya fita na zauna ina kallon taga, ina ganin wani a tsaye a ƙofar gidana, kansa a cikin inji, ke kina miƙa masa kofi. Shekara arba'in ni ake miƙa wa. Ban san me zan zama a gidan nan ba in na dawo.

Kada ki nuna wa Birger wannan.

Eskil

Kallsjö, 23 ga Janairu

Eskil, abokina,

Birger ne. Ina gaishe ka, Allah ya ƙara sauƙi. Gunvor ba ta nuna mini komai ba, sai dai ta karanta wasiƙarka a gabana ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ka yi gaskiya. Ta juya motar, da safe murɗawa ɗaya ta tashi. Tiyon ya tsage daidai inda ka ce. Ita ta canja shi, ni tocila kawai na riƙe, har ta ce ina haska mata ido.

Tun ranar farko na san ban san abin da nake yi ba. Amma tun rasuwar matata Majken babu wanda ke jirana ƙarfe takwas na safe a ko'ina. Na so a ce motar ta ƙara mako guda ba ta gyaru ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ina kishinka, tun ba yau ba. Kana kwance a wani gari, amma a teburin nan ba a yin maganar kowa sai kai.

Ranar Lahadi mai zuwa za ta tuƙo ta zo wurinka. Ni na daina shigowa.

Naka,
Birger

Östersund, 26 ga Janairu

Birger,

Na gaishe ka, na kuma gode.

Gunvor ba ta saba tuƙi a kan ƙanƙara ba, hanyar kuma da nisa. Ka rako ta ranar Lahadi. A nan ma ana ba da kofi, mara daɗi.

A kujerar baya za ka zauna.

Eskil