Hajiya ta ce aljana ce ke magana a bakin 'yata

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na gaji, kaina ya kulle.

Ni magidanci ne a Mandawari, turare nake sayarwa a Kurmi. Matata ta rasu bayan ƙaramar salla, ta bar min 'ya ɗaya mai shekara takwas, sunan mahaifiyata ta ci shi ya sa muke ce mata Walida. Tun ranar da aka fita da gawar uwarta yarinyar nan ta rufe bakinta, sai ɗaga kai da girgiza kai. Na kai ta asibiti, likita ya ce ƙalau take, a bi ta a hankali kawai.

Akwai wani gem da suke yi da marigayiya a tab, na kama ƙananan dodanni a horar da su su yi faɗa. A ciki akwai wata 'yar katun mai gashi kala biyu da burgujejiyar riga, ita sana'arta laif, wato watsa bidiyo kai tsaye, komai za ta yi sai ta kalli kyamara ta kira masu kallonta da wata siririyar murya. Da har tsiya nake musu, ina cewa uwa da 'ya duk babu babba.

Rannan ina alwalar la'asar sai na ji wannan muryar a tsakar gida. Walida ce ta jingina tab da turmi, ko a kunne ba ya, tana cewa "Masu kallona kuna nan? Yau dodon nan mai wuta za mu kamo!" Sai da butar ta faɗi daga hannuna. Na ce Walida, ta yi shiru. Can dabara ta zo min na ce ga wani mai kallo yana tambaya ko an ci abinci, ta ce "Mai kallo, haƙori ke ciwo." Ashe ta daɗe da ciwon haƙori ban sani ba. Tun daga nan haka muke hira, ni ƙato da gemu ina zaman mai kallo, kuma na gode wa Allah da hakan.

Matsalar ta fara ne da Hajiyata ta zo daga Jakara duba takwararta. Ta tarar da ita tana yi, ta tambaye ta da wa take magana, yarinya ta amsa da muryar nan cewa da masu kallonta ne, suna da yawa amma ba a ganinsu, kuma ta kama wasu ta kulle, in ta kira su suna fitowa su taya ta faɗa. Hajiya ta saka salati har maƙwabta suka shigo. Na kunna gem ɗin na nuna mata 'yar katun, sai ta ce yauwa, ga ma aljanar nan da gashinta, ta cikin gilashin ta shige ta. Na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce yaushe aka haife ni da zan koya mata sanin iska. Yayyena mata duk sun bi bayanta, babbar ta ce ni na lalata yarinya da nake amsa wa aljana.

Yanzu Hajiya ta yi magana da wani mai ruƙiyya, bayan sallar Juma'a za a kai ta, tab kuma a fasa. Ku fahimce ni, ba na ja da ruƙiyya, ni ma kullum ina tofa mata. Amma na taɓa ganin aikin mutumin nan, tsawa ce da hayaƙi da tsumagiya, ba ya bari sai muryar ta yi rantsuwa ta tafi ba za ta ƙara magana ba. To muryar da za a kora ita kaɗai ta rage wa 'yata. Da na ce a ɗaga, Hajiya ta yi kuka ta ce in na hana a ceci takwararta ba ta yafe min ba. Tunda nake ban taɓa tsallake maganarta ba, kuma na san ƙauna ce ta sa, ita ma ta rame.

Jiya da safe ina shirin fita kasuwa, ashe Walida ta ji duk abin da ake ciki. Ta jingina tab ta gyara zama ta ce, "Masu kallona, an ce za a rufe tasharmu. In Ummana tana cikinku ta yi sauri ta yi magana kafin Juma'a."

Ban iya buɗe shago ba. Jama'a, in saɓa wa uwata ko in riƙo hannun 'yata in kai ta? Yaya zan yi?