Layin da Ke Ɗauke da Sunan Sani

Talata da dare, Fatakwal. Tarin ya yi sauƙi, amma gwiwa ta hana ni zuwa masallaci sallar isha'i.

Da safe na je ofishin haraji a kan hannun jarin Sani, marayan da na riƙa. Gadon ubansa ne na raba na zuba a kamfanoni biyu, lokacin da aka ce 'yan ƙasa su sayi hannun jari a kamfanonin Turawa. Na fulawa ya ba da riba, na katako kuwa na sayar da shi da asara. Na rubuta duka biyun a takardar haraji, a layin Sani da ke ƙarƙashin sunana, kamar yadda na saba.

Akawun ya karanta, ya ce, "Baba, yaron nan shekararsa nawa?"

Na ce ya haura ashirin, yana aiki a mayankar unguwar Trans-Amadi.

Ya yi dariya. "To ai ya bar hannunka. Ribarsa da asararsa, shi zai kawo da kansa. Goge sunansa."

Gaskiya ya faɗa, ni ma na yi akawu kafin yaƙin basasa. Sai dai tun da muka dawo daga Arewa bayan yaƙin, wannan layi kaɗai ke nuna akwai wani a ƙarƙashina. Ban goge ba, na naɗe takardar na taho gida.

Na aika wa Sani ya zo bayan magariba ya karɓi takardunsa. Na ajiye masa tuwo a rufe. Bai zo ba.