Idon Ƙaninki da Tafintan Ma'ajiyar Jini

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu ma alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, faɗan ma bai ragu ba. Autarmu kuma ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a ɗaki.

Yaya, maganar idon ƙaninki ce ta sa na ɗauki biro. Tun bara likita ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa ya daina yi, sai an yi masa aiki, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ana ba shi rana yana ɗagawa, duk saboda aikin kwamfutar da yake yi wa ma'ajiyar jini. Yadda ya fahimtar da ni, babbar kwamfutar da ta san jinin da ke ajiye tsohuwa ce, da wani tsohon yaren kwamfuta aka rubuta manhajarta. Asibitoci kuwa sababbin manhajoji ne a wayoyinsu, yarensu daban, ba sa jin juna. Shi ne yake rubuta manhaja ta tsakiya, wadda yake kira tafinta. Ita za ta karɓi buƙatar asibiti ta juya wa tsohuwar, ta kuma juyo da amsa.

Ya ce ƙa'idar ita ce buƙata ko ta kammala duka, ko a soke ta duka. In ta maƙale a rabi, kwamfuta za ta ɗauka ta ba da jini, alhali mai naƙuda tana can kwance ana jira. Na ce ai yana da abokan aiki. Ya ce ba wanda ya iya tsohon yaren a cikinsu, in ya kwanta jinya yanzu aikin ya tsaya ke nan. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da Inna, duk a banza. Kin fi ni sanin taurin kan gidanku.

Da ganin rubutun ya gagare shi, duk da ya ƙara girman haruffa, ni na koma idonsa. Ina zama gefensa a teburin falo ina karanto masa layi-layi, har aya da waƙafi, ban san ma'anar ko ɗaya ba. Wani lokaci haushinsa nake ji kamar in tashi, sai in ga yadda yake lalubar kofin ruwa, in fasa.

Ranar Laraba da hantsi aka kunna tafintan. Buƙatar farko daga wani asibitin haihuwa ta fito, na karanta masa cewa an karɓa, an ware jini, amsa ta koma. Ya yi hamdala. Na kashe allon kwamfutarsa na shiga kicin. Da na dawo na tarar da shi yana fuskantar allon nan, ya ce, "Ki kashe shi haka nan, mun gama da shi." Yaya, allon baƙi ƙirin yake a gabansa. Na kai hannu na taɓa madannin, na ce masa na kashe.

Jibi za a yi aikin idon. Likita ya ce na dama ya riga ya tafi, abin da ya rage a na hagu zai yi ƙoƙarin tsarewa. Tsoro nake ji, ban kuma gaya wa Inna duka ba. Shi ba zai taɓa buɗe baki ya ce ki zo ba, ni ce nake roƙonki. Ki zo yanzu, tun yana iya gane fuska.

Ki gaishe da maigidanki, da Gwaggo, da takwarar Inna da ƙannenta. A sa mu a addu'a.

Taki,
Matar ƙaninki