Tururuwa Ta Riga Likita Sani

Zuwa ga ɗan ƙanena Yahaya a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya same ka lafiya, Ya kuma ƙara maka hankali, don shi ne ya yi maka ƙaranci. Mu nan Nasarawa Burkullu lafiya lau, gero ya yi kai. Malam Sahabi ke riƙe da alƙalami, amma bakin nawa ne, na kuma hana shi tausasa ko kalma guda.

Matarka Hure ta sauka ran Jumma'a a asibitin Gummi. Namiji ne, ƙato, sai dai bayansa a buɗe yake wajen ƙugu, an rufe da auduga. Saƙonka ya iso mini: wai ba ka raɗa suna, ba ka aiko rago, don a danginku ba a haihuwar irin wannan, daga gidan su Hure aka kwaso. Kai da ba ka san sunan kakan ubanka ba, kai ne za ka gaya mini abin da ke danginmu? Kowace haihuwa ta gidan nan, da kowane ƙaramin kabari, a kaina suke.

To saurara. Matata Dije, Allah Ya jiƙanta, 'yar baffanmu ce, jininmu tsantsa. Randa guda ba ta kashe mata ƙishirwa, kuma duk inda ta yi fitsari tururuwa ta taru. Sau biyu tana haihuwar irin yaron nan, ni na kai su maƙabarta a tafin hannu. Lokacin ba wanda ya san sunan ciwon, sai aka ce iska ce.

Bana na ga tururuwar nan a makewayin Hure. Likita ya ce ciwon sukari ne, idan ya hau a makonnin farkon ciki yakan taɓa halittar jariri. Ya tambaye ta wa ya hana ta allurar sukarin da aka rubuta mata. Ta sunkuyar da kai, ta rufa maka asiri. Ni ban rufa ba. Na ce mijinta ne, ɗan birni, ya bugo waya tun watan farko ya ce allura na zubar da ciki, ya aiko jarkar zuma a yi ta ɗura mata safe da yamma. Ni da ban taɓa zama aji ba na yi magana, Innarka ta ce tsufa ne.

Suna ran Jumma'a mai zuwa ne, washegari a kai yaron Sakkwato a duba aikin bayansa. Ka zo ko kar ka zo. Na ɗaure ragona, limami ya riga ya ji sunan: Yakubu, sunan ubanka. Yaron ya shiga lissafina. Kai ne nake tunanin cirewa.

Innarka na gaishe ka, kunya ta hana ta ɗaga ido. Ƙannenka Hafiza da Ummukulsum ma haka. Hure ba ta ba da saƙo ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Baffanka,
Usmanu Ɗanmusa