Shukar Binne

Gidimuni, cikin bazara

Zuwa ga iyalina Zuliha,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da autarmu Raliya da jinjirin da ban gani ba. Shi ma mijinta ki ce ina gaishe shi, tunda addini ya ce a gai da mutane. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mushe Sama'ila, malamin makarantar boko, shi ke rubuta mini, zai ɗauki hoton takardar ya aiko ta waya. Na ja masa kunne, abin da na faɗa shi zai sa, kada ya gyara mini magana da bokonsa na lakwal.

Saƙonki ya iso. Wai in zo tsibiri in huta 'yan kwanaki. Zuliha, tun da aka kawo ki gidan nan kin taɓa jin na ce na gaji? Kin ce wurin shiru ne, ba mota ba babur, sai itatuwan kwakwa da farin rairayi. Rairayi ne muka rasa a Damagaram? Kin ce daga Konakiri sai an shiga kwale-kwale. Ni da aka haifa a bakin tafki ban taɓa sa ƙafa cikin kwale-kwale ba, sai yanzu da furfura zan hau ruwan da ba a ganin ƙarshensa, wanda ko jaki ba ya sha?

Kin tafi wankan jego tun muna ɗaurin gero. Arba'in ta zo ta wuce, sanyi ya zo ya wuce. Abdul'aziz ya ɗauke mini 'ya ya kai ta bayan teku da sunan aikin masaukin baƙi, ban ce komai ba. Yanzu ya haɗa da uwarta. Furar da nake saye a kasuwa ruwa ce da tsaki.

Kuma kin san halin da nake ciki da Yakuba, ɗan ƙanen babana, a kan zirin gonar nan na tsakanin babban gawo da inda baba ya dasa gamba ta zama iyaka. Gambar dai awaki sun ci, abin da ya rage wani ya tumɓuke, ban ambaci suna ba. Mun sake zama gaban mai gari, ya ce a bar maganar sai bayan kaka. Kin san ma'anar wannan. Wanda geronsa ya tsaya a wurin bana, shi idon mutane zai kira mai gona. Ruwan shuka na sauka, wanda ya riga sara sungumi shi ya ci. Yakuba yana da 'ya'ya maza cike da gida. Ni namu Mahamud yana can wurin haƙar zinari, ko waya ba ya ɗauka. In na ɗaga ƙafa daga garin nan, gonar ubana ta tafi.

Saboda haka ba ni zuwa. Ke ki dawo. Shamuwa ba ta iso ba tukuna, amma ba ta da nisa.

Ki shafa mini kan yaron.

Maigidanki,
Mai Nasara


Gidimuni

Zuwa ga Zuliha,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki, kuma wannan karon gaskiya nake so, ba lafiya lau ta baki ba.

Raliya ta kira Mushe Sama'ila tana kuka. Ashe tun cikin sanyi kike kwance. Ashe ƙafafunki sun kumbura, ba ki iya hawa daga bakin ruwa zuwa gida sai kin zauna a hanya. Ashe lokotoron asibiti ya ce ciwon zuciya ne, za a haye da ke birni a yi miki aiki, shi ya sa kike so in zo mu zauna tare kafin ranar. To me ya hana ki faɗa? Kika tsaya kina yi mini tallar kwakwa da iska mai daɗi kamar baƙon Bature. Kowa ya sani, har surukin da ko gaisuwar kirki ba ta haɗa mu, sai ni mijinki aka mayar bare. Wannan ba zan manta da shi ba, ki sani.

Zan zo. Amma ga sharuɗɗana. Kwana kaɗan zan yi, in ga an fito da ke, in juyo. Ba na cin abin da ke da ƙafafu da yawa, ki gaya musu tun yanzu. Gero zan taho da shi, a yi mini kunu. Ɗakin baƙin nan da ake cewa yana kallon teku ba na so, a shimfiɗa mini tabarma inda kike. A tambayar mini mai kwale-kwalen ko yana salla, kuma mutum nawa yake lodawa.

Mun shiga Damagaram, an ɗauki hotona an yi mini takardun tafiya, an tsira mini allura ba ciwon komai. Abdul'aziz ya aiko da biye, wato tikitin jirgin sama daga Yamai. Na ce a matso da ranar, aka ce ba a matsowa. Jirgi ya fi sarki ke nan.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Shamuwa ta iso, tana bisa tsamiyar masallaci. Gawo ya fara zubar da ganye. Jiya na ga babban ɗan Yakuba a maƙera da sungumi har uku, ya gaishe ni har ƙasa, ya ce ya ji zan yi tafiya, Allah ya kiyaye hanya. Tun da aka haife shi bai taɓa durƙusa mini haka ba.

Na yanke shawara zan yi binne. In zuba iri cikin busasshiyar ƙasa in rufe, ruwa ya zo ya tarar da shi. Na san abin da za ki ce, cewa binne caca ce. Ba ki nan, balle ki hana.

Ki riƙa cin abinci. Allah ya ba ki lafiya.

Mai Nasara


Gidimuni

Zuwa ga Zuliha,

Gaisuwa da fatan kin samu sauƙi. Raliya ta ce kina ɗan zama a inuwa kina kallon masunta. Madalla. Kada ki bari iska ta buge ki.

Na yi binnen. Ni kaɗai, ina sara ina komowa ina zubawa, daga gindin gawo har inda gamba take a da. Irinki na yi amfani da shi, zangarniyar da kika zaɓa da hannunki kika rataye a rumbu. Na kira liman da mutum biyu suka gani da idonsu. Yakuba ya zo ya tsaya a kan iyaka, hannu a baya, yana kallona. Ni kuwa na ci gaba da aikina.

Sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, na ce Allah ya amsa. Ashe iska ce. Abin da ya sauka ɗan yayyafi ne, ya jiƙa bayan ƙasa ya wuce. Da bai zo ba sam da ya fi. Irin ya ji danshi ya tsaga, ya fito da kai kamar allura. Daga nan sama ta washe, rana ta buɗe. Ina zuwa safe da yamma ina kallonsa yana komawa ja. Har tulu na ɗauka na fara bi rami rami, mutane na wucewa suna kallona, sai na ga abin ya zama wauta na ajiye. Zuliha, ya ƙone duka. Abin da bai tsiro ba kurciya ta tone.

Yanzu gona ta koma fili, kamar ban taɓa ta ba. Liman ya ce shi dai ya ga na shuka, amma mataccen tsiro ba ya riƙe wa mutum ƙasa. Saura tiya guda ta irin. In ruwan gaske ya sauka ina nan, zan sake. In ya sauka ina can, shi ke nan.

Mushe Sama'ila ya ce in ɗauki 'yan ƙwadago su tsaya mini. Wane ɗan ƙwadago ne zai tsaya gaban samarin Yakuba a kan gonar da ba ta ubansa ba?

Ba zan ɓoye miki ba, na sa a tambayi Raliya ko za a iya ɗaga aikin naki zuwa bayan shuka. Amsar da ta aiko Mushe ya ƙi karanta mini duka. Ya ce abin da ya karanta ya isa. Wannan tarbiyyarki ce.

Ranar tafiya ta matso, hadari kuma kullum sai ya haɗu. Ban san abin da zan yi ba. Ki yi mini addu'a, ni ma ina yi miki.

Mai Nasara


Damagaram, a tashar motar Yamai

Zuwa ga Zuliha,

Ina gaishe ki, ina gai da Raliya da yaron, da Abdul'aziz. Ina fata wannan takarda ta same ki da sauƙi. Mushe Sama'ila ya rako ni har nan, a kan gwiwarsa yake rubutu, in kin ga layin ya karkace.

Ruwa ya sauka jiya da la'asar. Na gaske, irin wanda ke cika kwari ya sa kwaɗi kuka. Na haƙa da hannu, danshi ya wuce tsawon yatsuna. Shekara da shekaru ban ga ruwan shuka irin wannan ba. Da gari ya waye na ɗauki sungumi da tiyar irin, na fito har ƙofar gida. Jakar tafiya tana zaure, motar Damagaram tana ta oda a bakin hanya. Na tsaya a nan har Mushe ya daina yi mini magana.

Abin da ya faɗo mini ba wani babba ba ne. Na tuna duk shukar da na yi a gonar nan, ni ke gaba ina sara, ke ke baya kina zuba iri kina rufewa da diddige, kina mitar na cika faɗin taki. Da na yi binne ni kaɗai, sai da na riƙa waiwaye. Na jingine sungumin a bango.

Hanyar mota ta bi ta gefen gonar, kin sani. Ga su a cikinta suna shuka. Yakuba da kansa ne a gaba, da tsufansa, samarin na bin sa a jere, sun riga sun wuce gawo. Ya ɗago ya ga motar. Direba ya rage gudu yana kallona ta madubi. Ban sauka ba. Na ce ya taka.

Kada ki ɗauka na bar maganar. Bana ya ci, amma akwai zama bayan kaka. Duk waɗanda suka ga ranar da baba ya dasa gambar nan sun rasu, saura mutum ɗaya, amaryar da ta kai masa fura gona ta zauna a inuwar gawo tana kallo. Ke ke nan. Saboda haka ki gaya wa lokotoron ya yi aikinsa da kyau, ina da shari'a, kuma ba ni da wata shaida sai ke. Ki warke ki zo ki nuna musu wurin da ƙafarki.

Tiyar irin na bar ta a rumbu, na ɗaure bakin. Ba mai zuba ta sai ke.

Kada a haye da ke birni sai na iso. Ina so in ga rairayin nan da kike yabo, in gani ko ya fi namu. Maganar kwale-kwale kuma, ki ce wa Abdul'aziz ya zo Konakiri ya tarye ni, ya zauna kusa da ni. In ruwa ya fara girgiza, ya riƙe hannuna. Amma in labarin ya kai Gidimuni, na san inda ya fito.

Ana kiran mu shiga mota.

Naki har kullum,
Mai Nasara